Murya Biyu a Akwati Ɗaya

A hannun Habila mai gyaran rediyo na saye shi,
can bayan Tashar Dukku,
baƙin amfilifaya mai fasasshiyar kusurwa.
Ya ce, "Murya biyu gare shi, ka zaɓa.
Ni waya na sani, ban san kiɗa ba."

Ta fari,
in na murɗa maɓallin wuta har ya tuƙe,
na kwashe tsakiya, na cika ƙasa da sama,
sai ɗakina na Bolari ya haɗa hadari.
Kwanon rufi na rawa,
cokali na kakkarwa a cikin kofi.
Tsirkiya ɗaya na taɓa, goma suka amsa.
Kuma tana rufa mini asiri:
yatsan da ya zame, ba mai ji.
Na so ta irin son da ake wa mai yabonka.

Ta biyu kuwa, kaico.
Ta hanci take magana kamar mai mura,
bunsuru ne aka ɗaure a rana,
busasshiya, ba maiƙo.
In na yi tuntuɓe a jita,
ita ke fara kai ƙarata.

Ran Alhamis muka haɗu a garejin baban Lamela.
Karo-karo muka yi, lita biyu a janareto.
Yila ya buga sanda sau huɗu,
na sako hadarina da gadara.

Ina ya shiga?

Bes ɗin Lamela ya mallake ƙasa,
fayafayen tagullar Yila suka kwashe sama,
tsakiyar da aka bar mini kuwa
da hannuna na zubar da ita tun a gida.
Sai da na dubi yatsuna
na tabbatar kiɗa nake yi.

Na ƙara ƙara.
Tabita ta sauke makirfo, ta toshe kunne:
"Wa ya kunna injin niƙa?"
Muka tsaya. Akwatin bai tsaya ba,
yana cuuu kamar an jefa ƙosai a mai,
sannan ya hau fito shi kaɗai.

Yila bai ce ƙala ba, ya goge zufa da riga.
Lamela ne ya tako, bes rataye a wuya,
ya duƙa gaban kayana ba sallama,
ya danna ta biyu,
ya mayar da wuta biyar, ya ɗaga tsakiya.
"Ba kai kaɗai ke cikin ɗakin nan ba, Gimba."

Na haɗiye abin da na haɗiye.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Sai ga bunsuru ya tsinke igiya.
Ya ratsa tsakanin ganga da bes
kamar ɗan acaɓa a cunkoson babbar kasuwa,
bai goge kowa ba.
Na ji kaina. Na ji kuskurena ma,
sau biyu a baiti ɗaya, tsirara.
Tabita ta hau kansa da murya, ya ɗauke ta.
Ashe daddawa ce:
a tafin hannu wari,
a tukunya ita ce miyar.

Ba mu kai ƙarshe ba mai ya ƙare.
Cikin duhu Yila ya ci gaba da bugu
har ya gane shi kaɗai ya rage.

Asabar muna da wasa a Kaltungo.
Tabita ta ɗiga jan farce a kan biyar
don kada hannuna ya manta.
Ban yi musu ba.

Amma da dare, in maƙwabta sun yi barci,
ina komawa wurin ta fari, ƙasa-ƙasa,
ta yi mini ƙaryar nan mai daɗi
cewa ni runduna ne.

Kuma ran Asabar, in Lamela ya juya baya,
shida zan kai shi.
Shida kawai.